Kwanon Dije

Burumburum,
14 ga Yuli, 1991.

Zuwa ga 'yata Balaraba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara da abokan aikinki na asibiti. 

Tun ranar da kuka zo Tudun Wada da likitan nan mai bincike a kan masu ciwon suga da masu jinyarsu ban sami sukuni ba. Na kai Innarki Dije a duba ta, sai ga shi ni ma an zaunar da ni a benci. Likita ya faɗa mini sunayen abubuwa biyar, ya ja ni da hirar damina, sannan ya ce in maimaita. Biyu na kawo. Ni da na yi hedimasta a Kiru tare da abokina marigayi mahaifinki, ina riƙe da sunan kowane yaro da na ubansa! Kin sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido. Na gani, na kuma gode.

Ga abin da ban faɗa muku a can ba. Sau biyu ke nan Dije tana faɗuwa tun farkon damina. Gumi ya keto mata, jikinta ya ɗauki ɓari, ta daina gane ni, sai na ɗura mata ruwan sukari kamar yadda aka koya mini sannan ta dawo. Mai kemis ya ce haka ke faruwa idan an sha ƙwayar ciwon suga fiye da ƙima. Ni nake ba ta, tunda idonta ya yi rauni. Shin na ba ta ne na manta, na sake ba ta? Wallahi ban sani ba.

Labari ya kai wa ƙanenta Hamman a rugarsu ta bayan Doguwa. Ya aiko cewa da an yi kaka zai zo ya tafi da ita jinya gida, kamar yadda aka saba. Ba zan ce ba shi da hakki ba. Amma a ruga wa zai kai ta awon jini? Kuma kin sani, Allah bai bar mana haihuwa ba, sa'o'ina duk sun riga ni. Dije kaɗai ta rage mini.

Ba rufin asiri nake nema ba. Idan kaina ne ya lalace, ki faɗa mini. Idan da gyara, ki nuna mini, zan yi. Na ƙudura ba za a fitar da ita daga gidan nan a kan sakacina ba.

Ni ne babanki,
Rufa'i Labaran.

*

Kano,
25 ga Yuli, 1991.

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Bature direba ya kawo mini takardarka, a tsaye na karanta ta.

Baba, ba kai kaɗai ba ne. Daga Bebeji har Doguwa mun gwada masu jinya da yawa, kuma waɗanda suka kasa abin da ka kasa ba kaɗan ba ne, wasunsu ma 'ya'yan cikinka ne a shekaru. Abin da muka ga ya haɗa su shi ne ba sa barci, ba mai karɓarsu, ba abokin hira. Likita bai yanke komai ba, bincike bai ƙare ba, shi ya sa za mu sake gwada ku nan gaba. Yaushe rabonka da barci mai kyau? Yaushe rabonka da zama a majalisar ƙofar masallaci?

Maganar ƙwaya kuwa, ka yi haƙuri da abin da zan ce. Ka fitar da kwalbar daga hannunka. Ka ba wani amintacce, ya riƙa ba ka guda ɗaya kowace safiya. Idan Inna ta daina faɗuwa, mun gane dalili. Idan ba ta daina ba, to ba daga kanka ba ne, sai mu duba wani wurin. Na san da nauyi. Amma kai ne ka hana mu a lambun makaranta mu canza taki da ban ruwa rana ɗaya, ka ce ba za mu san wanne ya yi aiki ba. Har dorina na sha a kan wannan, ban manta ba ko da kai ka manta.

Tambaya ɗaya: tana cin abinci sosai? Ƙwayar nan ba ta son ta tarar da ciki wayam.

'Yarka,
Balaraba.

*

Burumburum,
19 ga Agusta, 1991.

'Yata Balaraba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na yi abin da kika ce. Kwalbar tana hannun Malam Sale, limamin unguwarmu, wanda na taɓa kora daga aji saboda surutu. Kullum bayan sallar Asuba ina miƙa hannu a gaban jama'a yana ɗora mini ƙwaya ɗaya. Ranar farko ya ce, "Malam, yau kai ke bin layi a gabana?" Na ce, "Ba ni, kafin in tuna inda na ajiye dorinata." Aka yi dariya. Ban ji daɗi ba, amma ban fasa ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce Dije ta sake faɗuwa. Ƙwaya ɗaya tak ta sha, Sale shaida ne. Ban san ko in yi murna ko in yi kuka ba. Kaina ya fita daga zargi, matata kuwa tana kwance.

Batun abinci, ina bakin ƙoƙarina. Da can Rabi maƙwabciyarmu ce ke dafa mana, ta zauna da ita a ɗaki su ci, ni kuma a miƙo mini nawa zaure. Da damina ta kama mijinta ya sami aiki a Tiga, suka tashi. Yanzu na koyi tuƙa tuwon dawa da tsufana. Tun faɗuwar farko ba na matsawa daga gefenta, sai Asuba kaɗai nake fita. Ina kawo kwano in zauna a gabanta, in ma riƙe mata cokali. Takan taɓa kaɗan ta ce, "Ajiye, Malam, sai an jima." Dama ita ba mai ci da yawa ba ce. Ragowar akuyarmu ke morewa, har ta yi ƙiba.

Barci kuwa, rabi-rabi nake yi, kunnena yana kan numfashinta. Jiya na nemi tabarau har na gaji, ashe yana hancina.

Gero ya fara fitar da kai. Lokacin Hamman yana matsowa. Ki gaya wa likita ban gaji ba, ya faɗi abu na gaba.

Babanki,
Rufa'i.

*

Doguwa,
Ranar kasuwa.

Zuwa ga Malam Rufa'i, mijin Adda,

Ina gaishe ka, ina gaida yayata Adda Dije da jiki. Mu da shanu lafiya lau, ruwa ya wadata. Mai rubutu na kasuwa nake faɗa wa yana rubutawa, idan ka ga kuskure nasa ne, kada ka ɗauko jan biro.

Na ji ta sake faɗuwa. Malam, ban raina ka ba, ka riƙe ta da mutunci tun ina bin maruƙa. Amma jinyar mace ba aikin namiji ba ne, balle tsoho da shi ma ke neman mai riƙe shi.

Bature direba ya ba ni labari har na rasa abin cewa. Wai kana zaune a kanta da cokali safe da yamma kamar mai renon maraƙin da uwarsa ta mutu. Kai Kaɗo! Duk zaman nan da kuka yi ba ka san wadda ka aura ba? Yaushe ka taɓa ganin Adda ta kai loma baka a gabanka? Uwarmu har ta koma ga Allah babanmu bai taɓa ganin tana tauna ba, kuma ita ta yi wa Adda tarbiyya. Mu a wurinmu gara mace ta kwana da yunwa. Ku boko ya cinye muku kunya, kuna zaton kowa ma haka ne.

A nan akwai mata 'yan'uwanta. Za ta zauna a cikinsu ta ci ta sha nono. Da an yanke gero zan zo da mota. Ka shirya mata kayanta, kada mu yi ta ja a gaban mutane.

Ƙaninka,
Hamman.

*

Burumburum,
9 ga Satumba, 1991.

'Yata Balaraba,

Gaisuwa mai yawa. Ga takardar Hamman na haɗo miki, ki karanta ki nuna wa likita. Ya rubuto don ya karɓe mini mata, sai ya ba ni abin da nake nema bai sani ba.

Da na karanta na shiga tunani. Na bi zamanmu tun daga gidan malamai na Kiru har zuwa yau, ban sami rana ɗaya da na ga Dije tana cin abinci ba. Ban taɓa lura ba, domin ni a zaure nake ci, ita a ciki, kamar kowane gida. Wannan ba mantuwa ba ce. Abin da ban taɓa sani ba ne.

Ban ce mata komai ba, na bi ka'idar lambu. Da rana na ajiye kwano kusa da hannunta, na ɗaga murya na ce, "Zan tafi masallaci, sai na ɗan jima." Ƙafafuna ba su so ba, amma na tafi. Na yi Azahar, na zauna a majalisa aka yi ta musu a kan taki. Da na dawo na tarar da kwano kamar an wanke.

Na zauna na ce, "Dije, don me ba ki gaya mini ba?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "Malam, in ce maka tashi ka ba ni wuri zan ci abinci? Da wane bakin?"

Na ce, "Sai ki zaɓi mutuwa?"

Ta ce, "Ai ban mutu ba." Can kuma ta ce, "Tuwon naka ma duk gudaji."

Kin ga yadda abin yake. Ta sha ƙwaya, na tsare ta da ido, ta kasa ci, ta faɗi. Ta faɗi, tsoro ya kama ni, na ƙara tsare ta. Da hannuna nake ja mata, ina ganin kulawa nake yi.

Yanzu kowane lokacin abinci ina ƙofar masallaci. Tun daga ranar ba ta sake faɗuwa ba. Ni ma na fara barci, har Sale ya ce ana jin minsharina daga waje. Amma kwalba tana nan a hannunsa, ban karɓa ba. Ba zan yaudari kaina ba, mantuwa tana nan, shekaranjiya na bar tukunya a wuta ta ƙone. Idan kun dawo ku sake zaunar da ni a bencin nan. Kuma ki ce wa likita, idan yana tambayar marasa lafiya me suke ci, ya riƙa tambaya a gaban wa suke ci.

Na aika wa Hamman cewa ya zo da motarsa, ya tambaye ta da bakinsa. Abin da ta zaɓa shi za a yi.

Babanki,
Rufa'i.

*

Kano,
28 ga Oktoba, 1991.

Baba,

Ina gaisuwa. Na so mu yi magana a Tudun Wada, layi ya hana. Awon Inna ya yi kyau, likita ya ji daɗi. Kai kuma huɗu ka kawo cikin biyar. Ya ce kada mu yi saurin murna, gwaji biyu ba ya isa a ce komai, amma ka ci gaba da barcin da zaman majalisa. Tambayarka ta shiga cikin waɗanda muke yi. A Kiru mun riga mun sami wata baiwar Allah da ke zaune da surukinta, ita ma haka.

Me ya faru da Kawu Hamman? Na ƙagu in ji.

'Yarka,
Balaraba.

*

Burumburum,
17 ga Nuwamba, 1991.

'Yata Balaraba,

Bayan gaisuwa. Hamman ya zo da mota. Ya shiga wurin Addarsa suka yi ta Fillanci, ni ina zaure. Da ya fito bai dube ni ba, ya ce wa direba ya sauke ƙwaryar nono da man shanu. Ya ce yayarsu Fatima da mijinta ya rasu za ta zo ta yi rani da mu, don kada tuwon Kaɗo ya ƙarasa masa 'yar'uwa. Motar ta koma ba Dije.

Yau da rana na ajiye mata kwano, na laluba sandata zan fita. Sai ta ce, "Malam, ƙafarka na ciwo. Ba sai ka fita ba."

Na tsaya.

Ta ce, "Ka dai juya baya."

Na juya na fuskanci bango. Ina jin ƙarar cokali.

Babanki,
Rufa'i Labaran.