Wuyan Inna

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da Hajara da yara. Ya ruwan Fatakwal? Mu nan Gummi sai godiya.

Batun wuyan Inna ne. Tun da motar nan ta bugi tasu ta baya a hanyar Anka take cewa ta warke. Ni dai ban yarda ba. Malamar asibiti ta ce irin nata yakan daɗe, don ga shekaru, ga tsohon ciwon wuya na ɗaukar tulu, kuma bugun ya same ta ta waiwaya tana magana.

Jiya na ga tana sallame La'asar. Ba kai ta juya ba, duk jikinta ta juya, dama da hagu. Da na tambaya, sai ta ce wai tabarma ce ta zame. Ina zargin tsoro take kada ka ɗauke ta daga ɗakinta ka kai ta can.

Ka sa ta a addu'a, ka gaida mutanen gida. In ka zo, kada ka tambaye ta komai. Ka tsaya a bayanta ka kira ta, ka gani.

Ƙanwarka,
Asabe