Fensirin Kala Mai Ruwan Ƙasa

Litinin, 4 ga Fabrairu

Shekara arba'in ina wannan aiki, yau jikata Nyla, 'yar shekara shida, ta kushe shi. Duk littafin yara da ya shigo gidan nan sai na bi fuskokin ciki da fensirin kala mai ruwan ƙasa, na murɗe musu gashi da baƙin biro. Haka Mama ta yi mana, haka na yi wa Charlene, uwar Nyla. Yarinyar ta kankare kumatun wata gimbiya a littafi da farce ta ce, "Kaka, ƙarya ce, a ƙasa fara ce." Ta ture littafin, wai ita da karatu har abada. Abin ya yi mini ciwo.

Laraba, 6 ga Fabrairu

Ko kallon littafi ba ta yi. Taurin kan na gado ne, ba ni da bakin magana.

Asabar, 9 ga Fabrairu

Abin kunya. Charlene ta aro littattafai daga laburaren unguwa ko Nyla za ta sauko. Hannuna ya riga hankalina, sai da na shafe shafi uku na ga hatimin laburaren. Na sa hular zuwa coci na tafi amsa laifina. Mista Tolliver, mai kula da sashen yara, ya daɗe yana duba shafukan. Ya ce, "Uwata ma haka take yi, Mama Odessa, amma kin fi ta iya shafa kunne." Ya sa littafin a aljihun tebur, ya miƙo mini wani. Na ce nawa na gida ba su gaza ba. Na dai karɓa.

Lahadi, 10 ga Fabrairu

Na buɗe littafin Mista Tolliver. Yarinya ce baƙa wuluk a jirgin ƙasa daga Mississippi zuwa Chicago, kwalin takalmi a cinya, soyayyar kaza da burodi a ciki, don ba a sayar wa irinmu abinci a hanya. Wa ya gaya wa masu littafin zancen kwalin? Ni ma haka na zo ina yarinya. Nawa da zare Mama ta ɗaure shi.

Talata, 12 ga Fabrairu

Na bar littafin kan tebur kamar mantuwa na yi. Nyla ta zo ta sa farce, ta kankara, ta sake kankarawa. Ba abin da ya fita. Sai ta hau cinyata. "Kaka, wannan ke ce?" Na ce ai na fi ta kyau. Ta karanta da kanta har ƙarshe, sau biyu, kalma uku kawai na taya ta. Na buga wa Charlene waya a wurin aiki, na buga wa matan coci ɗaya bayan ɗaya. Su ce na cika fariya, na yarda.

Lahadi, 17 ga Fabrairu

Tsofaffin littattafaina suna nan, ba mai taɓa su. Ba ƙarya muka yi ba, abin da ke hannunmu ke nan a lokacin.

Nyla ta nemi fensirin, wai za ta zana ni da kwalina. Na ba ta. Aro ne. Ban dai tambaye ta inda ta ajiye shi ba.