Shelar da Na Sa Aka Yi a Kasuwa

Zuwa ga ɗiyata Amira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan Dogon Dutsi lafiya lau, in ban da bakina da ya sake jawo mini.

Innarki ta ce da gangan kika daina ɗaukar wayata, shi ya sa na koma ga alƙalami, da rubutun wanda aka kora daga lakwal, makarantar boko, tun aji huɗu.

Da labari ya zo jami'a ta ɗauke ki koyarwa, sai na kira Yaro maroƙi ya yi shela ranar kasuwa. Ya tambaye ni me zai ce. Ni kuwa abin da na riƙe cikin bayaninki shi ne sabuwar dokar nan, wai cikin malaman da za a ɗauka dole a sa mace. Sai na ce ya gaya wa Arewa duka: jami'a ta nemi mace, ta samu ɗiyar Ma'azu. A kunnena yabo ne. Ashe wani ɗan kabu-kabu na ɗauka da salula.

Ƙanenki Bilal ya ce bidiyon ya kai hannun malaman da ba sa son dokar, suna nuna shi a taro, wai ga uban ma ya shaida zane aka ɗauka, ba ilimi ba. Har da malamin nan da kuke kira Mushe Abdulmajid, wanda kika tsaya wa lokacin da shugabanni suka so hukunta shi don ya soki dokar a rubuce. Kika ce malami na da 'yancin faɗin ra'ayinsa ko da a kanki ne. To ga shi ya faɗa, da muryar maroƙina.

Ban san wa ke da gaskiya kan dokar ba. Na dai san ke kika zo ta ɗaya a jarrabawar ɗaukar aikin, kuma shekarun da kika yi kina auna ruwan rijiyoyin Dumega ba zane ya yi su ba.

Na koma wurin Yaro ya gyara. Ya ce maroƙi ba ya lashe abin da ya tofar, wanda ya ba da magana shi zai je ya ɗauko ta. Don haka kasuwa mai zuwa zan hau amalanken maƙwabcinmu Célestin in yi shelar da kaina, Bilal ya ɗauka. Ki aiko mini sunan bincikenki da Hausa, da manyan baƙaƙe. In na faɗe shi da Faransanci, sai kin ƙara shekara ba ki gaishe ni ba.

Innarki na gaishe ki. Ta ce in na faɗo daga amalanken, ba ta san ni ba.

Mahaifinki,
Ma'azu