Ba Yawa

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Baba? Auta ta koma makaranta kuwa?

Lafiyata ƙalau, ki daina sauraron masu ƙara wa labari gishiri. Ranar da mutumin nan ya buɗe wa jama'a wuta a kantin unguwarmu, ina wurin aiki. In an buga ƙofa da ƙarfi ne kawai gabana yake faɗuwa, shi ma zai wuce.

An sa ni cikin masu kai wa iyalan mamatan gudummawar da aka tara. Jiya na je wurin wata dattijuwa da aka kashe tilon ɗanta. Takalmansa na aiki suna nan a bakin ƙofa. Na miƙa mata ambulan da hannu biyu, na ce, "Ga shi, ba yawa," yadda kika koya mana in za mu yi kyauta.

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ɗana, nawa ne zai zama da yawa?"

Ta jawo mini kujera, muka zauna.

Ki sa ta a addu'a. Gobe ma akwai gidajen da zan shiga. Inna, in akwai abin da ake cewa, ki faɗa mini.

Ɗanki.