Rasuwar Mai Allon Agege, da Roƙon a Tare Jirgin Talata

Cikin alhinin da ya hana mu zama wuri guda tun ranar Asabar, Ƙungiyar Masu Allon Saƙo ta Waya, wadda cibiyarta ke Zangon Agege a Ikko, tana sanar da iyalai da 'yan'uwa, da masu alluna na Ibadan, Ilorin, Kaduna da Kano, da dukkan jama'ar da suka taɓa tsayawa gaban allonmu suna neman sunansu, cewa Allah Maɗaukakin Sarki ya karɓi ran uban wannan ƙungiya kuma wanda ya kafa ta da hannunsa, dattijon arziki, Alhaji Shitu Lado Mai Fata, wanda aka fi sani da Mai Allon Agege. Ya cika ranar Asabar da hantsi a gidansa da ke bayan tashar jirgi, bayan zazzaɓin da bai kwantar da shi ba sai da aka sauko daga masallacin Juma'a, aka kuma yi masa sutura a wannan rana bayan la'asar. Na Allah ne mu, kuma gare shi za a mayar da mu.

Muna roƙon duk mai allon da wannan saƙo ya faɗo wa injinsa da ya karanta shi har ƙasa kafin ya tashi neman ƙusa. Kada a kafe shi a allo tukuna. Babbar 'yar marigayin, Malama Hansai, wadda ke aure a Kano, tana cikin jirgin ƙasa a daidai wannan lokaci da muke rubutu, ta nufo Agege wurin mahaifinta da jariri a baya, kuma ba ta san ya rasu ba.

Marigayi Alhaji Shitu ya sauka Agege a shekarar samun 'yancin kai, a cikin taragon shanu, ya kama sana'ar fatu da ƙiraga har Allah ya buɗa masa. Amma duk wanda ya zauna da shi ya san ba fata ce ke hana shi sukuni ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda ɗan Arewa a Ikko ke zama kamar wanda aka jefa rijiya: a yi masa haihuwa a gida bai ji ba sai yaro ya fara rarrafe, a ba direba saƙo ya manta da shi tun a Jebba, ko ya isar da rabi ya ƙara rabi daga kansa. Wannan ya sa ya rataye baƙin allo a ƙofar rumfarsa, duk wanda ya zo daga Arewa da labari a rubuta da alli, mahauta da 'yan tireda da masu dako su biyo su duba. Da arzikin mai ya zo, wani kamfanin fatu na Turawa ya rufe ofishinsa ya yi gwanjon tsofaffin injinan buga saƙo, irin masu kama da tafireta amma a haɗe da waya, sai Alhaji ya kwashe su kaf ya loda a bayan mota. Mutanen zango suka yi ta tsokanarsa, wai oga ya bar fata ya koma bola. Shi kuwa ya shige ɗaki da su, ya yi ta kwancewa yana ɗaurawa, hannu duk baƙin mai, har ya sa suka yi magana da juna.

Ga waɗanda ba su taɓa ganin aikin ba, ga yadda ya tsara shi, kuma a haka yake har yau. Mutum zai zo da saƙonsa, mai allo ya buga shi a injin, injin ya huhhuda wata siririyar takarda da muke kira tef. Bayan sallar asuba, lokacin da ofisoshi ba su buɗe ba kuma layi bai cika ba, kowane gari zai buga wa maƙwabcinsa waya, a ɗora kan wayar a cikin akwatin da Alhaji ya ƙera, a saki tef, injin can ya riƙa bugawa da kansa. Ibadan ke kiran Agege, Ilorin ta kira Ibadan, haka har Kaduna da Kano, domin kiran gari na kusa shi ne ake samu, wanda kuwa ya ce zai kira Kano kai tsaye daga Ikko sai ya shirya yini. Abin da yake na garin a yage a kafe a allo, na gaba kuma ya kwana ya jira asubahin gobe, kamar yadda fatake ke kwana a zango. Babu wanda ake biya a cikinmu. Akwai tela, akwai mai gyaran rediyo a Sabon Yaba, akwai mai sayar da albasa a Oyingbo, akwai akawu a Isolo, abin da ya haɗa mu kawai son ƙarar injin nan da ganin fuskar mutum idan ya tarar da sunansa.

Marigayin mutum ne mai raha, amma a kan ƙa'idar allo ba ya wasa, kuma da yawanmu mun sha faɗansa. Ba a tsallake layi, ba a tsallake gari, ba a kira idan asuba ta wuce. Wani babban dillalin shanu, wanda ba za mu ambaci sunansa ba tunda ya zo gaisuwa ya kuma yi kuka, ya taɓa zuwa da fushi yana neman a sa saƙonsa gaba da na wani mai wankin hula. Alhaji ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa shayi, ya bar shi ya gama bambami, sannan ya buga na mai wankin hular a gabansa. Akwai kuma ƙa'idar da ya fi tsanantawa a kai fiye da kowacce: labarin mutuwa ba ya hawa allo sai mai shi ya ji daga bakin mutum. Idan irin wannan saƙo ya faɗo, mai allo zai ninke shi ya sa aljihu, ya sa takalmi ya je gidan da kansa, ko da ruwa ake tsugawa. Mun ga Alhaji ya rufe rumfa ranar kasuwa ya hau motar haya ta danfo har Isolo don ya zauna kusa da wani magini kafin ya faɗa masa. Da aka ce masa ai wahalar ta yi yawa, amsar da ya bayar ita ce: "Ba zan bari ɗan mutane ya karanta mutuwar uwarsa a tsaye, ana ture shi ta baya ba."

To, ga abin da ya same mu, kuma za mu faɗe shi yadda yake domin babu lokacin kwana-kwana. Da Alhaji ya cika, mutanen gida, saboda girmamawa da gudun kada ƙarar waya ta riƙa katse masu zaman makoki, suka zare wayar daga bango, suka lulluɓe injin da mayafi, suka kulle ɗakin. Babu wanda zai ga laifinsu. Iyali sun ɗauka cewa tunda gidan saƙo ne, ai ƙungiya ta riga ta aika Kano. Mu kuma da muka ga ɗaki a kulle, makulli a hannun uwargida Hajiya Dije wadda ta shiga takaba, kunya ta hana mu tambaya, muka ɗauka iyali sun tura mutum. Haka aka yi ta karɓar gaisuwa, kowa na cewa Hansai na hanya, kowa na nufin ta ji. Wallahi abin da ciwo, a ce mutumin da ya kai wa dubban mutane labari, nasa labarin ya kasa fita daga ɗakinsa.

A can Ibadan, mai allon unguwar Sabo, Alhaji Sanda, aminin marigayin, ya yi ta kira kowace asuba yana jin shiru. Da yake damina ce, ya ɗauka ruwa ne ya taɓa layi kamar yadda ya saba, sai ya bi ƙa'ida ya ajiye saƙonnin Agege suna taruwa. Sai jiya, bayan an watse daga sadakar uku da kwana guda, Hajiya Dije ta aiko a tambaye mu wace amsa Hansai ta bayar. Nan muka gane babu wanda ya aika Kano. Ta miƙo makulli ta bayan labule, muka buɗe ɗakin, muka mayar da waya.

Yau da asuba kiran Ibadan ya shigo. Ni kakakin ƙungiya na ɗauka, na kuma faɗa wa Alhaji Sanda rasuwar da bakina. Sai ya ce bari ya sako mana abin da ya taru, tunda abin da Shitu zai ce a fara yi ke nan. Ya saki tef, injin ya yi ta bugawa, yana gamawa layi ya yanke. Sai da muka zo yayyagewa muka ga wannan a tsakiya, daga allon Kano, kuma ga dukkan alama Alhaji Sanda bai lura da shi ba a cikin tarin:

"Baba, na gama wanka. Za mu hau jirgin Talata ni da takwaranka. Ka tarye mu a tashar Agege da kanka, kada ka aiko kowa, ina so kai ka fara ɗaukarsa."

Jiya ce Talata. Jirgin ya riga ya baro Kano, kuma babu wanda ya iya gaya mana inda ya kai, wani ya ce ya wuce Minna, wani ya ce bai isa ba. Tun da muka karanta, ma'ajin kayan aikinmu Malam Almu yake zaune gaban waya yana juya lambar Ibadan, yatsansa har ya yi ja, amma gari ya waye, ofisoshi sun buɗe, layi ya cushe. Wannan saƙo muna huda shi a tef ne yana jira, da zarar an ɗauka za mu sake shi. Mun kuma ba Idrissa direba kwafi a hannu, ya kama hanyar Ibadan da motarsa ba tare da ya jira lodi ba. Wanda ya riga isa, shi ke nan.

A madadin shugabanni da dukkan 'yan wannan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Hajiya Dije, da 'ya'ya da jikoki, da 'yan'uwan marigayin na nan da na gida, da Sarkin Hausawa da dattawan zango, da 'yan kasuwar fatu, da maƙwabtansa Yarabawa waɗanda suka rufe shagunansu suka bi gawa har makwanci. Allah ya jiƙan Alhaji Shitu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa kowane saƙo da ya sada tsakanin uwa da ɗa ya zama masa nauyi a mizani. Allah ya ba iyalinsa juriyar wannan rashi, ya dafa musu, ya kuma ba mu ikon riƙe abin da ya bari ba tare da mun watse ba.

Yanzu ga roƙonmu, kuma da nauyin baki muke yin sa. Ƙungiya ta yanke shawarar karya ƙa'idar marigayi a karon farko tun da aka kafa ta, muna kuma fatan da yana nan zai yi mana faɗa sannan ya yafe. Wannan saƙo kada ya kwana a kowane gari. Alhaji Sanda, da ya iso gare ka, kada ka jira asuba, ka nemi Ilorin nan take, ka yi ta nema har a ɗauka. Mai allon Ilorin ya tafi tasha da mai ɗakinsa, idan jirgin bai wuce ba. Idan ya wuce, to nauyin ya dawo kanka, kai da Hajiyarka, domin bayan Ibadan ba mu da kowa sai Agege. Mai allon Kano kuma ya je wurin mijinta da ƙafarsa.

Ba za ta yi wuyar ganewa ba. Doguwa ce, tana da wushirya irin ta mahaifinta, haifaffiyar Agege ce, za ku ji tana ciniki da masu tallar tasha da Yarabanci kamar ba Bahaushiya ba. Yaron ba ta kiran sunansa, Abba take ce masa. Ku shiga taragon, mace ta fara karɓar yaron daga bayanta, ku zaunar da ita, sannan a faɗa mata a hankali, daga bakin mutum, yadda mahaifinta ya yi wa 'ya'yan wasu. Kada a bar ta ita kaɗai bayan haka, wanda ya faɗa mata ya rako ta har gida.

Ɗaya ƙa'idar kuwa ba za mu taɓa ta ba. Allon Agege yana nan wayam, mutane na zuwa suna tambaya me ya sa ba a kafe rasuwar mai allon ba alhali kowa ya je jana'iza, muna ce musu akwai wadda ba ta ji ba. Haka muke so allunan Ibadan, Ilorin, Kaduna da Kano su kasance, har sai an aiko mana cewa an same ta.

Hajiya Dije ba za ta iya fita ba saboda takaba. Mu za mu je tasha gaba ɗayanmu, mu tsaya a gindin fitilar da Alhaji ya saba tsayawa idan yana taryen baƙi. Amma gidan yana bayan tasha, daga cikin jirgi ana hango ƙofarsa, kuma tabarmin makoki suna nan a shimfiɗe. Tun kafin jirgi ya tsaya Hansai za ta leƙo ta taga tana neman farar hular mahaifinta. Don girman Allah, kada ku bari ta iso Agege tana nemanta.

Sa hannu:
Malam Iliyasu Ɗan Azumi
Kakakin Ƙungiyar Masu Allon Saƙo ta Waya
Zangon Agege, Ikko
Safiyar Laraba, Yuli 1978