Wanka Huɗu Nake Roƙo

Liba, ta Maiyama,
Jihar Kebbi.
20 ga Satumba, 1992.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan takardar nan za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da Hajiya da duk mutanen gidan da kike riƙe da shi a Kaduna. Allah ya ƙara miki nisan kwana, ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, ya jiƙan Baba da rahamarsa. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Damina ta yi kyau, an fara yankan gero, Kawu Almu ya ce rabonsa da ganin zangarniya irin ta bana tun Baba yana da rai. Yau kwanana goma sha biyar da sauka. Jikina ya yi ƙarfi, jaririya kuma tana shan nono kamar an aiko ta. Maccido yana zuwa daga Aliero a kan babur duk Juma'a, ya tsaya a zaure yana sunkuyar da kai, sai Gwaggo Tani ta ga dama ta ɗauko masa ɗiyarsa ya gani.

Sa'idu direban Alhaji ya biyo da saƙonki shekaranjiya a hanyarsa ta zuwa Jega. Na ga zannuwa, na ga kanwa, na ga yajin jego cikin gwangwanin madara. Ina buɗe murfin na san hannunki ne, don babu mai sa kimba da yawa haka sai ke, har sai da hawaye ya zubo mini, Gwaggo ta ɗauka barkono ne. Na gode, Allah ya saka da alheri. Sai dai murnar ba ta daɗe ba, don a ƙarƙashin zannuwan na sami takardarki. A ciki kin ce Salima ɗiyar Hajiya ta haihu kwana uku bayan tawa haihuwar, ke ce kike yi mata wankan jego, kuma ba za ki samu tahowa ba sai ta gama arba'in. Inna, na ƙirga da yatsuna sau uku ko zan ga kuskure. Ranar da za ki iso ni na gama nawa, an kife tukunya, an share toka. Kin kuma ce yajin tare kika daka shi da na Salima aka raba biyu, ni kuwa tun ranar nake tambayar kaina wace ce aka fara zuba wa.

Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, a takarda ne kawai zan iya, da a gabanki ne da bakina ya mutu. Kishi nake yi. Na daɗe ina yinsa, yanzu ne ya fi ƙarfin cikina. Shekara goma sha ɗaya ke nan da kika tafi riƙon gidan Alhaji, ina da tara, kika bar ni hannun Gwaggo. Na sani ba don daɗi kika tafi ba, kuma da aikin nan muka ci muka sha, na yi firamare, aka yi mini kayan ɗakin da ban ji kunya ba. Ban manta ko ɗaya ba. Amma ban manta da hutun da na yi wurinki ba shi ma, shekarar da na gama aji shida. Na ga makullan gidan duka a ɗaure a bakin zanenki. Kuku ba ya ɗora tukunya sai kin auna masa, mai wanki da mai gadi ke suke jira, Alhaji kansa ke yake tambaya ina hularsa take. Kin san Salima ba ta cin kuɓewa, kin san ba ta barci sai an bar mata fitila. Ni kuwa kika zuba mini madara a koko, ba ki san tana tayar mini da zuciya ba, na shanye don kada ki ji babu daɗi. Kuma tun safe har yamma sunanta ne a bakinki, Salima zo, Salima tashi, Salima kin ci abinci. Ni 'yar fari ce, na san kunya ba za ta bar ki ki kira nawa ba, ni ce dai yarinyar nan har gobe. Na san al'ada ce, amma sanin bai hana ni lissafa sau nawa kika kira ta a yini ɗaya ba.

Tun cikina yana wata biyar Maccido ya fara tara itacen wanka, ya yi masa rumfa da zana don kada ruwa ya taɓa shi. Da kansa ya je kasuwar Jega ya zaɓo babbar tukunya, wai kada surukarsa ta zo daga birni ta raina shi. Da aka kawo ni nan gida goyon ciki, duk wadda ta shigo sai na ce mata Inna tana hanya. Yanzu Gwaggo ce ke yi mini safe da yamma, Allah ya biya ta, ba ta taɓa fashi ba. Amma hannunta ya tsufa. Kafin ta tsoma ganyen bedi, darbejiyar nan ta ƙofar gida, ta ɗaga ta watsa mini, rabin zafin ya tafi, ita tana haki ni ina jin tausayinta, har na kan ce mata ya isa alhali bai isa ba. Ranar suna kuwa na sha magana. Wata daga dangin Maccido ta ce, tana dariya, wai tun da anka yi Jihar Kebbi kowa na dawowa gida, ma'aikata sun baro Sakkwato da katifunsu bisa mota, amma uwar maijego ita ba ta ji sanarwa ba. Mata suka kwashe da dariya, ni ma na yi, don in na yi shiru za a ce na ji haushi. Da suka watse na juya fuskata bango.

Sai kuma maganar suna. Takardarki ta ce Salima ta sa wa ɗiyarta sunanki, har an rubuta shi ɓaro-ɓaro da biro, sunan da ni ko a zuciya nake jin nauyin faɗinsa. To, ki sani ni ma naki na sa, Uwani muke ce mata. Na yi niyyar sai kin zo ki ji da kunnenki, ki rufe fuska da mayafi mu yi miki dariya, ga shi an riga ni ba ki wannan daɗin. Amma a rubuta a ajiye, tawa ce ta fara, da kwana uku cur. Waccan takwara ce kawai, wannan kuwa har goshinki ta ɗauko.

Yanzu, Salima, bari in juyo gare ki. Na san ke ce kike karanta mata, don Inna ba ta karatun boko, kuma na san rubutunki, shi ne a duk takardun da nake ajiye a ƙasan akwatina. Shekara da shekaru muryar uwata da hannunki take iso mini. Barka da sauka, Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa. Ba ki taɓa yi mini laifi ba, har ɗankunne kika ba ni wancan zuwan, kuma wannan ya fi ba ni haushi, don da kin kasance mai wulaƙanci da na samu abin kamawa. Don Allah kada ki tsallake layi ko ɗaya, ki karanta mata yadda na rubuta. Ke uwa biyu gare ki a gida ɗaya, Hajiya tana nan da ƙarfinta, ga 'yan'uwanta a Kaduna. Ni ɗaya gare ni, ita ma tana wurinki. Ba cewa na yi ta bar aiki ba. Idan kika sa baki Hajiya ta sallame ta ranar da kika cika kwana talatin da biyar, za ta yini a mota ta kwana a Liba, ta iske saura mini kwana biyu. Safe da yamma, safe da yamma, wanka huɗu ke nan. Su nake roƙo, daga nan ta huta ta komo muku da makullanku.

Na sa Kawu ya ware itacen waɗannan kwana biyun, na kirya ne, wanda ya fi riƙe wuta, an jingine shi daban a bayan ɗaki. Gwaggo ta ce wauta ce, in ba a zo ba fa? Na ce mata in ba a zo ba a bar shi nan gara ta ci.

Kawu Almu yana gaishe ki, Inna, ya ce akwai sabon gero yana jiran ki. Gwaggo Tani tana gaisuwa, ta ce a faɗa miki ita ba ta gaji ba, ni kuma na ce a faɗa miki ta gaji. Maccido yana durƙuso, zai aiko da albasa ta hannun Sa'idu. A gaishe da Alhaji da Hajiya da kyau, a shafa mini kan takwararki ta can, duk da laifin da ta yi mini.

Salima, saura abu ɗaya, wannan naki ne ke kaɗai. In kin kai nan, Inna za ta tashi ta ce tana da aiki a kicin, ta ce ki rabu da yarinyar nan, ƙuruciya ce ke damunta. Kada ki yarda, kunya ce. Ki ɗaga kai ki dubi fuskarta kafin ta juya, ke kin fi ni sanin ta. Abin da kika gani, shi za ki je ki faɗa wa Hajiya.

Wassalam. Taki ɗiyar,
Shafa'atu, wadda kike ce wa yarinyar nan.