Bayan Inna Ya Ranƙwafa

Yaya,

Ina gaishe ki, ya jikin Inna da yara? Ni lafiya lau, idona ne kawai ke ɗan yaji saboda hasken wurin aiki.

Kin tambayi aikina. Ƙarfe muke rataya wa nauyi, mu haska shi ta madubi, layukan hasken su nuna yadda yake lanƙwashewa a hankali, abin da bai kai silin gashi ba. Ko tari ba na yi kusa da teburin, kada layukan su girgiza.

Hoton Inna da bokitin ruwa da kika turo ya hana ni sukuni. Yaushe bayanta ya ranƙwafa haka? Ina nan ina gadin ƙarfen mutane, uwata na lanƙwashewa ban gani ba.

Don Allah ki karɓe bokitin nan daga hannunta.

Ƙaninki